RA'AYINMU: A Hannun Wa Yaro Yake Tashi?

Duk wanda ya kwana a ɗakunan ɗalibai na wannan jami'a ya san irin hirar da akan yi bayan an dawo daga cin abincin dare. Akan fara da siyasa, a gangara kan malamai da jarrabawa, sa'an nan in dare ya yi nisa a ƙare da maganar aure. A nan ne za ka ji kowa yana zana gidan da zai kafa in Allah ya sa ya kama aiki: ɗaki uku da falo, mata ɗaya, 'ya'ya ƙalilan, ƙofa a rufe, ba mai shigo masa sai da izini. Wani ma har yakan rantse cewa ɗansa ba zai kwana gidan kowa ba, domin shi ya ga abin da zaman babban gida ya yi masa. Mun daɗe muna sauraron wannan zance, mu ma da bakinmu a ciki, shi ya sa muka ga ya kamata a wannan fitowa mu ajiye maganar kuɗin makaranta da ta ruwan famfo, mu dubi wani abu da ya fi su daɗewa a jikin mutum, watau gidan da yaro ya buɗe ido a cikinsa da hannuwan da suka ɗauke shi.

Bari mu fara da gidan da yawancinmu muka fito, ko kuwa iyayenmu suka fito. A tsohon tsarin ƙasar Hausa maigida yana zaune ne da ƙannensa da 'ya'yansa masu aure, suna noma gandu ɗaya, kowa da sashensa, amma ta zaure ɗaya ake shiga, sau da yawa kuma tukunya ɗaya ake ɗorawa. Jaririn da aka haifa wa wannan gida tun ranar suna ya zama na mutane da yawa. In ɗan fari ne, galibi ma ba a gidan aka haife shi ba, gama uwarsa ta tafi goyon ciki wurin iyayenta, can ta yi wankan jego, can kuma kakarsa ta wajen uwa ta fara juya shi a hannunta. Uwar kuwa kunya ta hana ta kiran sunansa, ta hana ta yi masa wasa a gaban mutane. Za ta ba shi nono, amma sai ta kau da kai kamar ba ta san shi ba. Uban ma haka. Baƙon da bai san al'adar ba sai ya ce wannan yaro ba shi da gata, alhali kuwa gatan ne ya yi masa yawa. Ga kaka tana kiransa maigidanta tana yi masa tsiya wai bai kawo cefane ba, ga goggo, ga matar baffa, ga 'yar yarinyar da aka goya mata shi tana yawo da shi tsakar gida. In lokacin yaye ya yi, wajen shekara biyu, sai a kai shi ɗakin kaka, wani ya yi kwanaki ya dawo, wani kuwa ya zauna ke nan har a yi masa aure.

Wanda yake son ganin wannan zama da idon wadda ta yi shi, sai ya nemi labarin Baba ta Karo, wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau wadda ta ba Baturiya Mary Smith tarihin rayuwarta a tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi littafi da Turanci a 1954. Baba ta yi aure huɗu ba ta taɓa haihuwa ba, amma ba ta tsufa ita kaɗai ba, domin an ba ta 'ya'ya ta riƙe, ta rene su har suka girma suna kiranta uwa. Riƙo ke nan yadda magabata suka nufe shi: a share wa wadda ba ta haihu ba hawaye, a ɗaure zumunci tsakanin gida da gida, yaron kuma ya sami ɗakin da shi ne abin kallo a cikinsa.

Akwai lokacin da masu nazarin halin ɗan Adam na ƙasashen Turai za su dubi irin wannan tsari da idon zargi. A 1951 wani likitan Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto game da yaran da suka rasa gidajensu bayan yaƙin duniya na biyu, inda ya nuna cewa ƙaramin yaro yana bukatar shaƙuwa wadda ba ta yankewa tsakaninsa da uwarsa ko wadda ta tsaya a matsayinta, in ya rasa kuwa abin yakan bi shi har girma. Mutane da yawa suka ɗauki rabin maganar suka bar rabi, suka ce ashe uwa ita kaɗai ce, duk wani hannun da ya shiga tsakani ɓarna ce. In haka ne, to, duk Bahaushen da kakarsa ta rena ya tashi da tabo ke nan. Sai dai an zo an duba. A 1977 waɗansu masana, cikinsu har da Robert LeVine da Sarah LeVine, suka buga sakamakon binciken da suka yi kan jarirai 18 a wani gari na ƙasar Hausa. Abin da suka gani shi ne kowane jariri ya shaƙu da mutum fiye da ɗaya, sau da yawa uku ko huɗu, yana neman su in ya tsorata, yana samun natsuwar taɓa wannan ya taɓa wancan in suna kusa da shi. Amma cikinsu akwai guda wadda ya fi maƙale wa, ita ce wadda ta fi ɗaukarsa da kula shi, ko ita ta haife shi ko ba ita ba.

Lalle jarirai 18 ba su isa a yanke wa al'umma hukunci da su ba, amma abin da aka gani ya dace da abin da kowace tsohuwa a ƙauyenmu za ta gaya maka ba tare da ta taɓa riƙe alƙalami ba. Yawan hannu ba ya cutar da yaro muddin akwai hannu guda da ya san nasa ne, wanda in ya farka cikin dare zai same shi inda ya bar shi.

Abin da yake faruwa in babu wannan hannun kuwa, duniya ta gan shi a Romaniya. A 1966 gwamnatin Nicolae Ceausescu ta kafa dokar hana zubar da ciki don ta ƙara yawan jama'a, talauci kuma ya sa iyaye suka riƙa miƙa wa hukuma 'ya'yan da ba su iya ciyarwa. Da gwamnatin ta faɗi a watan Disamba na 1989 aka shiga gidajen marayun ƙasar, sai aka tarar da yara fiye da 100,000, da yawansu kwance cikin gadaje a jere, ma'aikaciya ɗaya ga yara masu yawa, ita ma in lokacinta ya cika ta tashi wata ta karɓa. Ba mai kiran sunansu da wasa, ba mai amsa kukansu, har waɗansu suka daina kukan suka koma jijjiga jikinsu su kaɗai. Daga shekarar 2000 waɗansu masana na Amurka suka bi yara 136 na irin waɗannan gidaje a birnin Bukares, aka ba da rabinsu ga iyalai su riƙe, rabi aka bar su ƙarƙashin kulawar hukuma. Waɗanda aka ba riƙo sun fi sauran kaifin fahimta da iya magana da sakin jiki da mutane, waɗanda kuma aka fitar kafin su cika shekara biyu su suka fi kowa farfaɗowa. A lura, ba iyayen da suka haife su aka mayar wa su ba. Riƙonsu aka bayar, irin wanda Baba ta Karo ta yi.

To, kada mai karatu ya zaci mun zo yi wa babban gida kirari ne. Abokinmu da ya rantse ɗansa ba zai kwana gidan kowa ba yana da hujjarsa, harshenmu ma da kansa ya ba shi shaida. Wanda kuka haɗa uwa shi ne ɗan'uwa, har kalmar ta zama sunan duk wanda kake ƙauna. Wanda kuka haɗa uba kawai shi ne ɗan uba, daga nan kuma muka sami 'yan ubanci, watau gaba da ƙyashi a cikin jini ɗaya. Yaro ɗan shekara huɗu ya riga ya san ɗakin da ubansa yake dariya a ciki da ɗakin da yake shiga fuska a murtuke. Ya san ranar girkin da za a cika masa kwano da ranar da zai lashe hannu ya kwanta. Ɗan mowa yakan tashi yana ganin kome nasa ne, ɗan bora yakan tashi yana sanɗa a gidan ubansa, ya koyi ɓoye abin da yake zuciyarsa tun bai koyi alwala ba, kuma su biyun duka an cuce su. Sai dai in an bi diddigi za a ga cutar tana fitowa ne daga turaka. Mun san gidajen mata uku da sai ka yi shekara kana shiga ba ka gane wa ta haifi wa ba, domin maigidan ya tsaya kan adalci, uwargida ta goya ɗan amarya. Mun kuma san gidan mata ɗaya da yara suke ɓuya bayan ƙyaure in sun ji gyaran muryar ubansu a ƙofa.

Amma babban ramin da yaranmu suke faɗawa shi ne saki. Yawansa ba ya bukatar shaida daga gare mu. Ya isa a tuna cewa a 2012 sai da Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta shiga aurar da zawarawa rukuni-rukuni da kuɗin gwamnati. Ana ta lissafin matan, ba mu ji ana lissafin 'ya'yan da suka baro ba. Kowa ya san yadda abin yake tafiya. Mutum ya rubuta takarda cikin fushi, matar ta tattara kayanta, manyan yara a ce ta bar su gidan ubansu, na goye ta tafi da shi har ta yaye, ranar da ta yaye kuma a aiko a karɓe shi. Watau a daidai lokacin da yaro ya rasa nono, a lokacin ne kuma zai rasa bayan da ya saba da shi da muryar da take lallashinsa, a miƙa shi ga matar da wataƙila ita ce sanadin fitar uwarsa. In kuwa an bar mata shi ta yi wani aure, ya zama agola, ya ci abinci yana kallon fuskar mai gidan. In ka tambayi dalili sai a ce maka ai ɗa na uba ne, haka addini ya ce.

Abin mamaki, wannan al'ada da ake jingina wa addini ba ta da madogara a littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan duk mai neman ilmi a ƙasar nan ya bi ta kanta, haƙƙin renon yaro bayan rabuwa na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta auri wani, haƙƙin ya koma ga kaka, sa'an nan 'yar'uwar uwa, ciyarwa da tufatarwa kuwa suna wuyan uba duk inda yaron yake. Malamin da ya rubuta wannan ya rasu tun 996, fiye da shekara dubu ke nan, amma ya riga likitocin Turai gane cewa ba a tumɓuke yaro daga inda ya yi saiwa. Me ya hana a bi? Na farko uban yakan mai da ciyarwa makami, ya ce in tana son ɗan ta ci da shi. Iyayenta kuma, da suke fama da nasu bakunan, su ce ta mayar musu da ɗansu. Ita ma ta san mai zuwa neman aurenta ba ya son ganin yaro a gindinta, ga kunyar a ce ta kai uban 'ya'yanta gaban alƙali. Ta haka haƙƙin da shari'a ta ba ta, wanda a gaskiya haƙƙin yaron ne, yake mutuwa ba wanda ya ko ambace shi.

Mai rubuta wannan shafi ba daga littafi ya fara sanin maganar ba. Yana da shekara uku baffansa ya zo da babur ya ɗauke shi daga gidan kakanninsa na wajen uwa, abin da kawai yake iya tunawa shi ne an ɓamɓare yatsunsa daga gefen wani zane. Sa'ar da ya yi ita ce akwai wata goggonsa a gidan wadda ba ta da ɗa, ta ce a ba ta shi, ta shimfiɗa masa kusa da ita, ta tsaya masa har ya shiga makaranta. Yayarsa da ba ta sami mai cewa a ba ta ita ba, tana aji huɗu aka ɗora mata farantin talla, daga nan ba ta koma ba. Gida ɗaya, uba ɗaya, uwa ɗaya, ita ce ma ta fi shi ƙwaƙwalwa. Abin da ya raba su goggo ce.

Yanzu sai mu juyo kanmu, mu da yayyenmu da suka riga mu kama aikin gwamnati. Ma'aikaci ya sami gida a Kaduna ko Abuja, ya rufe ƙofarsa yadda ya yi alkawari. Haihuwa ta zo, hutun matar ya ƙare za ta koma ofis, babu kaka, babu goggo, babu matar baffa. Sai a aika ƙauye a kawo yarinya 'yar shekara tara ko goma, a ce riƙo ne. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, shimfiɗarta tana ɗakin girki, 'ya'yan gida su tafi makaranta cikin mota ita ta bi su da kwandon abinci. Kada a ce mana ai yaran Hausawa dama suna aiki. Gaskiya ne suna yi. Wata masaniya 'yar Amurka, Enid Schildkrout, ta zauna a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal cikin birnin Kano a tsakanin 1976 da 1981, ta nuna yadda matan kulle suke gudanar da sana'arsu ta hannun yara, su ne 'yan aike, su ne masu talla, ribar tallan yarinya kuma da ita ake tara mata kayan ɗaki. Ko wannan ɗin yana da illarsa, gama ya hana 'yan mata da yawa karatu. Amma aƙalla yarinyar tana yi wa uwarta ne ko mariƙiyarta, da dare ta kwana inda ake sonta. Wadda take gidan ma'aikacinmu ba ta da ko ɗaya. Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ta hana ɗaukar yaro aikin gida a wajen gidansu ko wajen danginsa, shi ya sa duk wadda ka gani an ce maka 'yar ƙanwar maigida ce.

Ba ita kaɗai ake cuta ba. Jaririn gidan, bisa ga abin da muka faɗa a baya, zai maƙale wa wadda ta fi ɗaukarsa, watau ita wannan yarinya, sa'an nan wata rana a ce ta yi sata ko ta yi rashin kunya a sa ta a mota, a kawo wata, bayan shekara a sake kawo wata. Yaron da aka yi wa haka sau uku kafin ya shiga makaranta an koya masa kada ya dogara da kowa. Manyan kuma an koya musu, ba tare da an buɗe baki ba, cewa akwai 'yan'uwan da aka halitta don su wanke musu takalmi.

Ga kuma maganar uba, wadda mu maza ba mu cika son a taɓo ba. Nisan da uba yake yi da 'ya'yansa a babban gida bai yi ɓarna sosai ba, domin akwai baffan da zai tafi da yaro gona, da kawun da zai saya masa rake, da kakan da zai zaunar da shi kan buzu ya ba shi labari. Mu kuwa muna so mu rufe ƙofa mu bar waɗannan duka a waje, amma mu shiga da kunyar da nisan da muka gada. Ma'aikaci ya fita tun yara ba su tashi ba, daga ofis ya zarce majalisar abokai, ya dawo sun yi barci da wayar uwarsu a hannu. Wanda ya zaɓi ƙaramin gida ya sani ya ɗauki aikin mutum biyar ya ɗora wa mutum biyu, in kuma ya zame ya bar wa ɗaya, to, kada ya yi mamakin ganin matarsa ta gaji tana huce haushinta kan yaran. Kunyar ɗan fari tana da ma'ana inda akwai kaka a ɗakin kusa. A bene hawa na uku, inda ba kowa sai ku uku, wa aka bar wa yaron?

Ba sai mun je Abuja ba ma. Duk wanda ya bi ta gaban ɗakunan lacca da hantsi ya ga 'yan mata ƙanana zaune gindin itatuwa da jarirai a baya, suna jiran 'yan'uwanmu ɗalibai masu shayarwa su fito tsakanin darasi da darasi su ba da nono a tsaitsaye. Waɗannan yara lokacin makarantarsu ne suke ƙonawa a harabar jami'a, a gaban malaman ilmin tarbiyya da ɗaliban shari'a, kullum muna wuce su. Ba mu ga laifin iyayen jariran ba, gama ba a ba su wata hanya ba. Muna kira ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai su kai wa hukumar jami'a bukatar a keɓe ɗakin raino kusa da ɗakunan karatu, a ɗauki mata manya waɗanda za su dawwama a aikin, a biya su albashi, yadda jariri zai riƙa ganin fuska ɗaya tun daga farkon zango har ƙarshensa, 'yan rainon kuma a sa su makarantar firamare. Kuɗin da ake kashewa wajen bikin rantsar da shugabannin ƙungiya ya isa a fara da shi.

Mun san yawancin masu riƙe da alƙalamin wannan mujalla maza ne, ba mu taɓa goyo ba, ba a kuma taɓa karɓe mana ɗa ba. Saboda haka a fitowa ta gaba mun keɓe shafi biyu ga 'yan'uwanmu mata, musamman masu 'ya'ya da waɗanda suka tashi a hannun riƙo. Wadda ba ta son a buga sunanta sai ta rubuta haka a saman takardarta, ta jefa cikin akwatin mujalla da yake ofishin ƙungiya kafin a tafi hutu.